Targaɗen da Muka Kai Gidan Maɗora

Wata baiwar Allah ta turo min saƙo tana cewa wai ina ba da labarin kaina kamar labarin maƙwabciya. Gaskiyarta. Tun da aka kwantar da ni a asibiti na koyi kallon jikina daga nesa, har yau kuma abin bai sake ni ba. Sai ku yi haƙuri da ni a haka.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Bara'atu. A cikin garin Gaya nake, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare, ko in ce ina koyarwa kafin ƙafa ta zaunar da ni. Ƙari ne ya fito min a cikin ƙashi, daidai ƙasan gwiwar dama. Ba a waje yake ba balle a gani. A ciki ya zauna yana cin ƙashin, irin cin da gara take yi wa katako ta bar bayansa sumul. Sai da gwiwar ta kumbura, hawa babur ya gagare ni, sannan aka kai ni Kano.

Likitan da ya yi min tiyata, Dakta Hafizu, mutum ne mai son bayani da hannu. Ya ce sun buɗe ƙashin sun kankare ƙarin tas, wurin ya zama rami, bangon ramin kuma bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. A cikin ramin suka sa wani abu fari mai ƙananan ƙofofi, kamar soson wanka amma da tauri. Abin yana ɗauke da magani a jikinsa, yana sakinsa kaɗan-kaɗan a wurin don ya kashe duk abin da ya yi saura na ƙarin. Sabon ƙashi kuma yana bin ƙofofin nan yana hawa, shi abin yana narkewa, har ranar da ƙashina zai cike gurbin. Ya ce sabon aiki ne da suke bincike a kansa, shi ya sa sai da ni da Baba muka amince kafin a sa min.

Ranar da za a sallame ni ya ja kujera ya zauna kusa da gadona.

"Malama, ki ji ni da kyau. Ba durƙuso, ba tsugunno, ba ɗora nauyinki a kanta. Kada a matsa ta, kada a murɗa, kada a ja. Idan bangon nan ya fashe, abin da muka sa ya watse, ban da tabbacin zan iya ceto miki gwiwar."

"Daji ne, likita?" Umma ta tambaya, karo na ban san adadi ba.

"Ba daji ba ne, Hajiya. Amma irinsa yana iya dawowa, shi ya sa muka bar magani a ciki, shi ya sa kuma za ku riƙa zuwa ana ɗaukar hoto."

Umma ta gyaɗa kai. Duk abin da ya faɗa ta ji, amma kalma ɗaya ta ɗauko ta taho da ita gida, wato dawowa.

Yanzu bari in kawo muku Muzammil. Ɗan Toranke ne, can ƙasar Ajingi, yana sayar da taki da maganin feshi. Takin da ya kawo wa Baba na gonarmu ta Kademi shi ne sanadin haɗuwarmu, ni na miƙa masa ruwa a zaure, ya sha ya ƙi ba da kofin sai da na faɗi sunana. Manyansa sun riga sun zo gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Duk lokacin da aka yi ta kai-kawo da ni asibiti yana can wajen Haɗeja yana noman rani da abokinsa, inda sai ya hau tudu yake samun sabis. Ina son sa. Ba irin son da ake daina cin abinci ba ne, amma idan wayata ta yi ƙara sunansa nake fatan gani, in ba shi ba ne sai in ji haushin wanda ya kira.

Da aka ce ya kusa dawowa, Umma ta shigo ɗakina ta tura ƙofa.

"Kalmar nan ta ƙari ba za ta fita daga gidan nan ba."

"Umma, ai likita ya ce ba daji ba ne."

"Ke kika san wannan. Kina cewa ƙari a Gaya, kafin maganar ta isa Toranke ta zama daji, kafin ta shiga cikin gidansu an riga an yi miki likkafani. Na yi magana da yayarki, ita ma haka ta gani."

Yayar tawa ita ce Yaya Naja'atu, 'yar farin Umma da ba ta faɗin sunanta. Tana aure a Kano, kuma duk shawarar gidanmu sai ta biyo ta wayarta. Ba a jima ba ta kira ni. Ta ce in yi hankali, maza ba su da juriyar jin cuta, in bari a ɗaura aure tukuna, in ya so daga baya ya ji. Baba yana tsakar gida da rediyonsa. Na tabbata ya ji komai, ya dai ƙara wa rediyon murya.

Haka aka zauna aka zaɓo min ciwo. An fara cewa karaya, Umma ta ce ta yi girma. An ce sanyin ƙashi, Yaya ta ce wannan na tsofaffi ne. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa santsi ya kwashe ni a bakin rijiya na yi targaɗe. Ni dai ina zaune ina sauraro, ban ce a'a ba.

Ranar da ya zo zance, bayan la'asar ne. Tun kafin ya iso aka kai ni zaure aka zaunar da ni a kujerar roba, aka ɗora ƙafar a kan 'yar kujerar tsakar gida, na saki hijabina mai ruwan hoda ya rufe ta har ƙasa. Ya shigo cikin shadda ruwan toka, ya yi baƙi ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Idonsa ya sauka a kan sandunan asibiti da ke jingine da bango.

"Malama, me zan gani haka?"

"Targaɗe ne. Santsi ne ya kwashe ni."

"Subhanallahi. Shi ne ba ki faɗa min ba? Wa ya duba miki?"

"Asibiti muka je."

Sai ya fara dariya, har yana riƙe hula. Na tsaya ina kallonsa.

"Targaɗe, kika tafi asibiti? Ai kin ci amanar gidanmu."

"Wane gidan?"

"Gidanmu mana. Mu fa maɗora ne, gado ne tun kakan kakana. Daga Ajingi har Gaya, duk wanda ya karye a gona ƙofar gidanmu ake sauke shi."

Mun yi hira a kan farashin taki, mun yi a kan 'yan ajina, har sunan jakin da ya hau yana yaro na sani. Amma bai taɓa faɗa min wannan ba, kuma a ranar na ji dalili. Duk gidan shi kaɗai ne bai gada ba. Ya ce da ya ji ƙarar ƙashi yana komawa mazauninsa sai jiri ya ɗebe shi, har yau ƙannensa suna tsokanarsa da abin. Cikin duk ciwukan da Allah ya halitta, targaɗe muka zaɓa, muka kuma kai shi gidan da ya fi kowa saninsa.

"Gwaggo Hanne ce mai yi wa mata da yara," ya ce. "Ƙanwar Babana ce, tana aure a nan Balan, kusa da ku. Hannunta ba ya kuskure. Ita ta gyara min wuyan hannun nan da na faɗo daga kan jaki."

"Da zafi?"

"Ba ki sanin lokacin. Ai dabararsu ke nan, ba sa taɓa cewa ga shi za su ja, don kada mutum ya ƙanƙame jikinsa. Za ta gasa wurin, ta shafa mai, tana ta jan ki da hira. Sai ta yi miki wata tambaya mai daɗi. Ni cewa ta yi, ƙosai kake so ko waina? Ina cikin tunani na ji ƙwas. Kafin in buɗe baki in yi kuka ta gama."

Na yi dariya saboda ya ga na yi. Ƙafata kuwa sai na ji ta yi nauyi a kan kujerar.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Na biya ta Balan na faɗa wa Gwaggo. Ta ce abin kunya ne amaryar gidan maɗora tana yawo da sanda. Tana tafe ranar Asabar."

Na rubuta, "Da ba a wahalar da ita ba, ai na ji sauƙi."

"Ta riga ta rantse. Kuma kin san ba a mayar da hannunta."

Ya sa hoton fuska mai dariya guda uku. Na mayar masa da guda ɗaya.

Na kai wa Umma wayar ta karanta da kanta. Ta daɗe tana kallon rubutun, tana motsa baki. Na zaci za ta ce to, wasa ya ƙare, a kira mutane a faɗa musu gaskiya. Sai ta miƙo min wayar.

"Ba za a ce wa surukai kada su zo ba. In muka hana ta, cewa za su yi mun raina gadonsu, ko kuma su gane akwai abin da muke ɓoyewa. Ta zo. Ai shafa ce da tofi. Zan ce mata ta bi a hankali, wurin da tsami. In ta tafi ki wanke abinki."

"Umma, ja suke yi."

"Ina zaune a wurin za ta ja? Ke dai ki yi shiru ki bar ni da ita."

Washegari na tura wa Dakta Hafizu saƙo, na tambaye shi ko akwai matsala idan aka shafa wa gwiwar man shanu. Ya daɗe bai amsa ba, sai can da yamma.

"Mai ba ya komai tunda ɗinkin ya warke. Hannun mai shafawar nake tsoro. Wa zai shafa?"

Na karanta na kife wayar.

Asabar tun da hantsi gidanmu ya ɗauki ƙamshi. Umma ta yi dambun shinkafa da zogale, ta soya zabi, ta haɗa zoɓo da abarba ta sa a kula da ƙanƙara. Ta share ɗakina da kanta, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta kunna turaren wuta. Ni aka ce in sa atamfata koriya mai zanen ganye, riga da zani don ƙafar ta yi sauƙin buɗewa, da mayafi ruwan goro. Har kwalli Umma ta sa na zizara. Ban taɓa ganin an yi wa mai targaɗe kwalliya irin wannan ba.

Gwaggo Hanne ta iso a bayan babur. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma damatsanta kamar na mai sussuka. Haƙoranta sun rine da goro, muryarta kuma tun daga zaure ake jin ta. Ta shigo da baƙar leda a hannu tana ta zuba gaisuwa, ita da Umma suka yi ta tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki.

A al'ada ya kamata in sauka har ƙasa in gaishe ta. Na sunkuyar da kai daga bakin gado, na ce ina wuni, na ji kunya ta rufe ni sosai, don ban taɓa gaida babba ina sama da shi ba.

"Yi zamanki, 'yata," ta ce. "Ai daga yau kin gama zaman. Mu ga ƙafar."

"Hajiya, a ci abinci tukuna," Umma ta ce.

"Aiki kafin ci, Yaya," Gwaggo ta ce wa Umma. "A ɗora min ruwan zafi."

Ta zazzage ledar a kan tabarma. Gwangwanin man shanu, farin ƙyalle da aka yayyaga, da 'yan karare da aka fere aka jera da zare. Ta zauna a ƙasa a gabana, ta yi bismilla, ta ɗage zanin.

Abin da muka manta da shi a duk shirinmu shi ne tabo. Ga shi nan dogo, a miƙe, daga gefen gwiwa ya gangaro kan ƙwauri, da sawun zare a gefe da gefe. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa.

"Wannan fa?"

Umma ko numfashi ba ta ja ba. "Langa-langa ne a bakin rijiyar. Da ta faɗi sai ya yanke ta, shi ne aka ɗinke a asibiti."

"Ikon Allah. Langa-langan nan ya iya yanka a miƙe."

Ta faɗa tana murmushi. Ta tsoma ƙyalle a ruwan zafi ta matse ta ɗora min. Ta yi tofi, ta lakato mai ta murza a tafinta, ta fara bin ƙafar daga idon sawu zuwa sama. Hannunta da ɗumi, kuma da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Na daɗe rabon da wani ya taɓa ƙafar nan ba tare da safar hannu ba.

"Kin ga aikin asibiti ko, Yaya? Sun ɗinke fata sun bar gocewa a ciki. Dubi yadda gwiwar ta sandare. Jijiya ce ta hau kan 'yar uwarta."

"A dai bi a hankali, Hajiya, wurin da tsami."

"Kowa haka yake cewa."

Babban yatsanta ya iso ƙasan gwiwar, daidai kan ramin. Ta danna kaɗan. Wani abu ya tsarga min har cikin kai, na damƙe zanen gado. Na kalli Umma. Tana tsaye a bakin ƙofa da butar ruwan zafi, fuskarta ta yi fari, bakinta a ɗan buɗe, amma ba abin da ya fito. Ta yi alkawarin za ta hana, na kuma san da gaske take. Sai dai hanawar tana bukatar kalmar da ita da kanta ta haramta a gidan.

Gwaggo ta gyara zama. Ta tokare ƙafarta ɗaya da ƙafar gadon. Hannunta na hagu ya shiga ƙarƙashin gwiwata, na dama ya zagaye idon sawuna ya riƙe, ba da ƙarfi ba. Ta ɗago ta dube ni da fara'a, tana ta ba ni labarin yadda Muzammil yake yaro mai tsoron kaji, da yadda matan gidansu suke ta shirin tarbata.

"Af, na tuna," ta ce. "An ce in tambaye ki. Akwatunan lefen nan, wane launi kike so? Ja ko ruwan zuma?"

Ga tambayar mai daɗi ta zo.

Mutane suna cewa a irin wannan lokaci tunani da yawa yake zuwa wa mutum. Ni biyu kawai suka zo min. Na ga kaina a gidan Muzammil a Toranke. Na kuma ga kaina ina shiga ajina da ƙafafuna, ina rubutu a allo a tsaye. Na ji yatsunta suna ƙara matsewa a idon sawuna.

"Gwaggo, kada ki ja. Ba targaɗe ba ne."

Muryata ta fito daidai, kamar ina kiran sunan yara a aji. Hannunta ya tsaya inda yake.

"Ƙari ne aka cire min a cikin ƙashin. Wurin rami ne yanzu, bangonsa ba kauri. Likita ya sa wani abu a ciki mai sakin magani, ƙashi yana hawa a kansa. In aka ja zai fashe."

 Gwaggo ba ta saki ƙafar nan take ba. A hankali ta zare hannunta na dama, ta tallafe ƙwaurin da hannu biyu, ta ɗora shi a kan matashi kamar mai kwantar da jariri. Ta ja zanin ta rufe min. Sannan ta juya wajen Umma, fara'ar nan duk ta tafi.

"Yaya, da na ja fa?"

Umma ta ajiye butar. "Hajiya, wallahi ba da wata manufa..."

"Da na ja fa? Da hannuna za ki sa in nakasa 'yar mutane? Tun ina budurwa nake wannan aikin, ba a taɓa fita da gurgu daga hannuna ba. Sai yau a gidan surukai, a kan amaryar ɗana. Me zan ce wa yayana? Me zan ce wa Allah?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi hannayenta, ta goge man a jikin ƙyallen, ta shiga mayar da kayanta cikin leda ɗaya bayan ɗaya. Umma ta ce ga abinci, ta ce ta ƙoshi. Umma ta ce ko zoɓon ne, ta ce Allah ya amfana. Da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo ta dube ni.

"Daji ne?"

"Likita ya ce ba shi ba ne. Amma ya ce yana iya dawowa."

Na ji Umma ta ja numfashi. Wannan rabin na biyu ba wanda ya tilasta min faɗinsa.

"To," Gwaggo ta ce. "Allah ya ba ki lafiya, 'yata. Ni dai abin da na gani shi zan faɗa a gida, ba ƙari ba ragi."

Ta fita. Muka ji tashin babur.

Na shirya wa faɗa. Na san Umma in ranta ya ɓaci, tana iya tono laifin da mutum ya yi tun yana rarrafe. Ta daɗe a tsaye tana kallon tabarmar da Gwaggo ta tashi a kai. Can sai ta zo ta zauna a wurin, ta ɗage zanin, ta kai yatsa kusa da tabon ba ta taɓa ba.

"Ta danna da ƙarfi?"

"Kaɗan ne."

"Kina jin wani abu ya motsa a ciki?"

"A'a, Umma."

Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Na ji tausayinta ƙwarai, fiye da yadda na ji na kaina. Dambun nan haka ya wuni a rufe, sai almuru aka rarraba wa maƙwabta. Yaya Naja'atu ta kira har ta gaji, ban ɗauka ba. Baba da ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ƙafar dai lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce alhamdulillahi, ya wuce.

Muzammil bai kira ba ranar. Ina ganin ya hau WhatsApp ya sauka, ya hau ya sauka. Ni ma ban yi masa magana ba. Na cire atamfar na ninke, na goge kwallin, na yi sallata a zaune kamar kullum.

Sai washegari bayan azahar saƙonsa ya shigo.

"Gwaggo ta faɗa mana. Baba ya ce a dakata da maganar sa rana."

"Na ji."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Na rubuta dogon bayani, da Umma a ciki, da Yaya, da mutanen gari. Na goge. Na rubuta, "Tsoro."

Ya daɗe yana rubutu yana tsayawa.

"Jiya ban iya cin abinci ba. Ni na turo miki ita. Da ta ja, ni ne."

"Ba ta ja ba."

"Yaushe za ki koma asibiti?"

"Laraba."

"Zan nemi izinin Babanki in bi ku. Ina so in ji da kunnena daga bakin likitan, in san abin da zan tsaya a kai a gaban Babana. A gida kowa da abin da yake faɗa."

A nan ne zan faɗa muku abin da ko Umma ba ta sani ba. Zuwanmu na ƙarshe, ta fita yin alwala ta bar ni da Dakta Hafizu. Ya ɗaga hoton ƙafata ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna min wani ɗan duhu a gefen ramin da bakin birona da ya ara. Ya ce yana iya zama sabon ƙashi ne da bai gama tauri ba. Yana kuma iya zama ƙarin ne yake son ɗagowa ta inda maganin bai kai ba. Ya ce hoton da za a ɗauka a zuwa na gaba shi zai raba gardama. Umma ta dawo tana gyara ɗankwali, na ce mata likita ya ce komai yana tafiya.

Idan Muzammil ya bi mu, a tare za mu ji. Ba zan samu ko minti ɗaya na gyara fuskata ba, balle in zaɓi yadda zan faɗa masa. Zai ji a gabana, ni kuma zan ga fuskarsa lokacin da yake ji.

Hana shi ba wuya. In ce Baba ba zai yarda ba, ko in ce likita ba ya barin mutum fiye da ɗaya ya shiga. Zai yarda, don shi mutum ne mai yarda. Na riƙe wayar har fuskarta ta mutu, na sake kunna ta. Umma tana tsakar gida tana tankaɗe, ina jin bugun rariya a tafinta.

Na rubuta masa, "Motar farko muke hawa a tashar Gaya. Kada ka makara."